Baƙin Ƙarfe Mai Tsaga Ɗaya

Dutsen farko ya faɗo ana gab da magariba, lokacin da Mama ke kwashe shanya daga igiya, Auta kuma tana durƙushe bakin famfo tana ɗauraye kofuna. Ya daki rufin kwano, ya gangaro a hankali kamar mai neman hanya, ya faɗo tsakar gida, ya mirgina har gindin wani dogon ƙarfe da ke kafe a wurin ya tsaya.

Mama ta ɗaga murya ta haye katanga da ita, ta ce 'ya'yan maƙwabta su ji tsoron Allah. Ba wanda ya amsa, ba a kuma ji gudun kowa ba. Na biyu ya faɗo, na uku ya biyo shi. Da Auta ta kai hannu ta ɗauki ɗaya, sai ta yar da shi tana yarfe yatsu.

"Mama, da zafi. Kamar daga wuta aka ciro shi."

Baƙo yana zaune a dokin ƙofar ɗakinsa da takalmi a ƙafa, kamar kullum. Bai kalli rufin ba, mahaifinsa ya kalla. Baba yana kan benci ya ba su baya, yana goge baƙin walda daga hannunsa da tsumma, a natse, yatsa bayan yatsa. Ko gezau bai yi ba. Baƙo ya ce a ransa: ko gidan nan zai rufta, mutumin nan ba zai waiwayo ba.

Auta ce ta laƙaba masa Baƙo, sunan kuma ya bi shi. Shekaru ya yi a wata ƙasa mai nisa yana koyon sassaƙa. Da ya dawo, sai ya zama mai tambayar inda ake ajiye cokali a gidan da aka haife shi. Jakarsa tana nan a bayan ƙofa bai gama kwance ta ba. Ba ya iya zama wuri ɗaya. Ya fita titi ya dawo, ya shiga shagon waldar Baba da ke ƙofar gida, ya tsaya a bayansa ya yi magana, Baba ya ci gaba da aikinsa, shi kuma ya fito yana cije leɓe. A shekarun da ya yi a can ma haka abin yake. In ya kira waya, magana biyu yake samu daga Baba: "Lafiya dai? Ga mamarka."

Abu ɗaya ya yi tun dawowarsa, shi ne ƙarfen. Ya zana awonsa da alli a daɓen shago, Baba ya duba zanen, bai tambayi komai ba, ya yanka, ya haɗa, ya goge gaɓoɓin har hannu ba ya jin inda aka yi ɗori. Dogon akwati ne na baƙin ƙarfe a tsaye, kusurwoyinsa masu kaifi, babu fenti, babu ado, babu ƙofa, cikinsa wayam. Can sama a fuskarsa akwai tsaga ɗaya siririya a kwance, wadda ko ɗan yatsa ba ya shiga. Aka kafa shi a tsakar gida kafin a samu wurin baje kolin da zai karɓe shi.

Ranar da aka kafa shi an sha dariya. Kawu Direba, ƙanin Mama, ya zagaye shi yana ƙwanƙwasawa da makullin mota.

"To, ɗana, firij ne aka manta ba a sa masa ƙofa ba, ko akwatin zaɓen ƙattai ne?"

Mama ta ce da an huda ƙasansa an sa famfo, da ya yi tankin ruwa mai kyau. Wata maƙwabciya da ta shigo aron tsani ta ja da baya, ta ce ita dai Allah Ya sa ba gunki ba ne.

Baƙo ya yi musu bayani irin na wanda ya gaji da bayani. Ya ce ba hoton kowa ba ne, ba kamannin wani mai rai ba ne. A inda ya yi karatu, ana rage abu ne, a yi ta ragewa, a cire fuska, a cire hannu, a cire labari, har sai tsayi da faɗi da nauyi kaɗai sun saura. Mai kallo shi ke zuwa da ma'ana, ba mai ƙira ba.

"Wato kai ma ba ka san ko mene ne ba," in ji Kawu.

Sai Baƙo ya dafa ƙarfen, rana tana faɗuwa a bayansa, ya ɗaga murya don kowa ya ji. "Ba kowa a ciki, kuma ba na kowa ba ne. Duk wanda ya zo, ya shiga da abin da ya ga dama."

Auta kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallonsa da kai a karkace, sannan ta ce, "Ni kuwa Yaya, kamar mutum nake ganinsa. Irin wanda ake yi wa magana ba ya amsawa."

 Baƙo ya yi saurin cewa ta je ta yi aikin makarantarta.

Daga yammacin da aka fara jifan, magariba ta zama abin tsoro a gidan. Da zarar inuwar katanga ta kai gindin ƙarfen, sai tsuntsaye su yi tsit, iska ta tsaya, duwatsu su fara sauka. Ba su taɓa samun kowa ba, kuma duk inda suka faɗa, gindin ƙarfen suke komawa su taru. Kawu ya hau rufi da tocila, ya sauko ba tare da barkwanci ko ɗaya a bakinsa ba. Bayan jifan sai aka fara jin numfashi. Daga tsagar yake fitowa, a hankali, kamar na mai barci da rana.

Baƙo ya ce ƙarfe ne ke hucewa bayan ya sha rana. Ya faɗa wa Mama haka, ya faɗa wa kansa. Amma sau da yawa yakan fito ya tarar da Auta ta taka bokiti ta kafa kunne a tsagar, idonta a lumshe.

"Me kike ji?"

"Yana cewa mun cika surutu."

Wata yamma Mama ta aike ta ɗauko tsintsiya, ba ta dawo ba. Aka same ta tsaye kusa da ƙarfen, ƙafafu a haɗe, hannuwa manne da jiki, ido a buɗe ba ya ƙiftawa, leɓɓanta a ɗan rabe kaɗan, daidai faɗin tsagar. Mama ta kira ta, ta girgiza ta, ta fashe da kuka. Jikin yarinyar ya yi sanyi, ya yi nauyin da sai da Baba da Baƙo suka haɗu kafin suka iya ɗaga ta. A asibiti an auna komai, ba a ga komai ba. Da safe takan ɗan saki, ta sha ruwa, ta tambayi abin da ya sa ake kallonta. Da yamma ta koma ta sandare. Kullum sakin yana raguwa, tana ramewa, har wuyanta ya zama kamar na kwalba.

Kawu ne ya ɗauko wani Malam a motarsa. Tsoho ne siriri, mai ƙaramar murya, ba ya gaggawa. Ya shigo da sallama ana gab da faɗuwar rana, ya tsaya ya dubi ƙarfen da tarin duwatsun da ke gindinsa, ya daɗe.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Allah gafarta Malam," in ji Baƙo.

"Mene ne?"

"Ba komai ba ne."

Malam ya dube shi. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida aka kwantar da Auta. Mama ta riƙe ƙafafunta. Baba ya zauna ta wajen kanta ya dafe kafaɗunta, idonsa a kan fuskar 'yarsa. Malam ya durƙusa ya fara karatu a kunnenta, ƙasa-ƙasa.

Ya daɗe yana yi. Hasken yamma ya janye daga katanga, sauro ya fara kuka, jifan kuma yau bai zo ba. Shirun ya fi jifan nauyi. Can sai yatsun Auta suka fara motsi, bayanta ya banƙare, bakinta ya buɗe, wata murya ta fito mai kauri da amo, kamar ana magana a cikin ganga.

"Ya isa, tsoho. Kana ƙona ni a banza."

Mama ta saki salati. Malam bai ɗaga kai ba.

"Wane ne kai, kuma me yarinyar nan ta yi maka?"

"Matafiyi ne ni. Ba ta yi mini komai ba. Kullum kunnenta yana ƙofata, na ga tana son baƙo. Ƙarfen kuma in ya wuni yana shan rana, da yamma zafi yake yi."

"Ka shiga gidan mutane ba izini. Zalunci ne. Fita, ko in ci gaba."

Muryar ta yi dariya, ƙirjin Auta yana hawa yana sauka. "Ba izini? Tambayi wancan mai takalmin. Ina wucewa da magariba na ji shi da bakinsa, hannunsa a kan ɗakin ƙarfen nan: ba kowa a ciki, ba na kowa ba ne, duk wanda ya zo ya shiga. Na daɗe ina yawo ban ji an yi kyauta irin wannan ba. Ci gaba da karatunka, zan fita yau, gobe in dawo. Kango ne, kuma kyauta aka ba ni shi."

Malam ya juyo ga Baƙo. "Ka faɗi haka?"

Baƙo ya ce, "Magana ce ta... ta aikinmu, Malam. Ba haka nake nufi ba."

"Ba kai kaɗai ke jin maganarka ba, yaro. Abin da baki ya bayar, baki ke karɓewa. Karɓe."

"Na janye," Baƙo ya ce da sauri. "Nawa ne. Ni na yi shi, nawa ne, ka fita."

"Ƙarya," in ji muryar, a natse. "Kai ka zana shi, amma ba naka ba ne. Ni da nake kwana a ciki na san an auna shi a jikin wani. Tsayin wani ne, faɗin kafaɗar wani ne."

Kawu ya miƙe. "A kawo injin yanka mu daddatsa shegen ƙarfen nan kowa ya huta!"

"Ku yanka." Hannun Auta ya ɗago da kansa ya bubbuga ƙirjinta. "Sai in tare a nan gaba ɗaya. Nan ya fi taushi."

Mama ta kifa kai a ƙafafun 'yarta. Malam ya ce, "Faɗi sharaɗinka. In babu saɓo a ciki, za a duba."

"Ni ba na zama a ɗakin da ke da mai shi. In yana da mai shi, wanda ya zana ya faɗi ko wane ne, ya faɗi dalilin kowane abu, da gaskiya, mai ɗakin kuma ya ji. Sai in bar ƙarfen, in bar yarinyar, ba za ku sake jin ɗuriyata ba."

"Ka yi rantsuwa?"

"Na rantse da Wanda ya halicce ni daga wuta."

Duk suka juyo suna kallon Baƙo, ban da Baba, wanda har yanzu idonsa ke kan Auta.  Shekaru Baƙo ya yi yana koyon yadda ake faɗin abu ba tare da an kama mutum da faɗinsa ba. Ya cire fuska, ya cire hannu, ya cire suna, don ya samu ya ajiye abin a tsakar gidansu, a gaban kowa, ba wanda ya gane. Ya dubi wuyan ƙanwarsa, jijiyoyinsa sun fito raɗa-raɗa.

"Baba ne," ya ce, yana kallon ƙasa.

"Ci gaba."

"Tsayinsa ne. Na auna a ƙofar shago, inda kansa ke kaiwa. Ban sa masa ƙofa ba don ban taɓa samun ta inda ake shiga ba. Na bar cikin wayam don..."  "Don ina ganin ba komai a ciki. Tsagar kuma bakinsa ne. Magana biyu ke iya fita ta nan, ba abin da ke shiga."

Kawu ya sunkuyar da kai. Mama ta ɗago tana kallon ɗanta kamar yau ta fara ganinsa. Baba bai motsa ba. Yana nan yana shafa goshin Auta da babban yatsansa. Baƙo ya ce a ransa: ko wannan ma bai isa ya sa shi ɗaga kai ba.

"Na faɗa. Fita."

"Sharaɗin bai cika ba," in ji muryar, akwai jin daɗi a cikinta. "Na ce mai ɗakin ya ji. Bai ji ba."

"Ga shi nan zaune!"

"Yana zaune. Je ka kunnensa na dama, shi ne da ɗan saura. Ka ɗaga murya sosai, kamar kana kiran mutum a hayin kogi."

Baƙo ya juya ga mahaifiyarsa. Mama ta rufe baki da gefen mayafi, hawaye na bin yatsunta.

"Ƙarar injin shago ce ta cinye masa kunne," ta ce da ƙyar. "Tun shekarar da ka tafi abin ya fara. Ba ya jin ka a waya, shi ya sa yake miƙo mini, ya zauna yana kallon bakina in ina maimaita masa. Baki yake kallo ya gane magana. Kai kuwa tun da ka dawo, ko a bayansa kake magana, ko kana kallon ƙasa. Shi ya hana a gaya maka. Ya ce kada ka bar karatu ka dawo saboda shi. Da ka dawo kuma ya ce kada ka riƙa yi masa ihu kamar yadda muke yi in ba ka nan."

 Baƙo ya tuna dutse a kan kwano da bayan Baba da bai motsa ba. Ya tuna duk tsayuwar da ya yi a shago.

"To ai ka ji," ya ce wa muryar. "Kuskure na yi. Ba haka yake ba. Ba sai na faɗa ba."

"Ban tambaye ka yadda yake ba. Na tambaye ka abin da ka ƙera."

"Malam..."

Malam ya girgiza kai a hankali. "Ya rantse a kan sharaɗi, mun karɓa. Numfashin yarinyar nan yana ja baya. Yi abin da za ka yi."

Baƙo ya cire takalminsa, bai san dalili ba. Ya taka tabarmar ya durƙusa a damar mahaifinsa. Warin ƙarfe da sabulu ya bugi hancinsa, warin da ya sani tun yana goye. Baba ya ji motsi ya juyo, da ya ga ɗansa ne kusa da shi haka, sai fuskarsa ta saki, idonsa ya sauka kan bakin yaron yana jira.

Baƙo ya kai bakinsa kunnen, ya faɗa. Da ihu ya faɗa, har maƙwabta suna ji ta bayan katanga. Tsayin, da rashin ƙofar, da wayam ɗin ciki, da tsagar. Bai rage kalma ɗaya ba, don ya san mai muryar yana ƙirgawa.

Da ya gama, Baba ya juya ya kalli ƙarfen da ya yanka da hannunsa, ya haɗa, ya goge. Ya kalle shi daga ƙasa har sama. 

"Yanzu ɗakin ya yi mai shi," in ji muryar. "Na bar muku. Ku zauna lafiya, in za ku iya."

Malam ya ɗora karatu da ƙarfi. Jikin Auta ya ɗauki karkarwa tun daga kai har ƙafa, ta yi atishawa mai tsanani, ƙarfen ya yi amo sau ɗaya kamar an buga shi daga ciki, sannan tarin duwatsun gindinsa ya zube. Auta ta buɗe ido, ta ce, "Mama, ƙishirwa nake ji," da muryarta ta kullum.

Magaribar da ta biyo baya ba a yi jifa ba, haka wadda ta bi ta. Auta ta fara cin abinci, ta fara tsokanar Kawu, ba ta tuna komai. Malam da zai tafi bai ce a yi wa ƙarfen komai ba. Ya dai ce wa Baƙo ya riƙa sanin abin da yake bayarwa da baki.

Wata safiya Baƙo ya farka da ƙarar walda a tsakar gida. Ya fito ba takalmi. Baba ya jawo waya tun daga shago, ya taka benci, garkuwar walda a fuskarsa, yana bin tsagar da wuta daga wannan gefe zuwa wancan. Tartsatsi na zuba a ƙasa. Da ya gama ya ɗauki injin gugar ƙarfe ya bi wurin, ya sake bi, ya shafa da tafin hannu. Aikin ya yi kyau ƙwarai. Wanda bai sani ba ba zai ce an taɓa yin tsaga a wurin ba.

Baƙo ya zagayo ya tsaya a gabansa, daidai inda haske ke dukan fuskarsa, yadda Mama ta koya masa. Ya jira har Baba ya sauko ya ɗage garkuwar. Ya buɗe baki sosai, ya furta a hankali, don kowace gaɓa ta fito.

"Baba. Ka yafe mini."

Baba yana naɗe waya a gwiwar hannunsa. Idonsa ya bi wayar, ya bi benci, ya bi inuwar ƙarfen da ke kwance a ƙasa. Ya ɗauki kayansa ya nufi shago. Bai kalli bakin ɗansa ba.